Tsohon Gidan Tubali a Ƙauye: Yadda Ake Rubuta Tarihinsa, a Gyara Shi, a Nema Masa Shiga Jerin Kayan Tarihi

A ƙauyukan Kano da Jigawa har yanzu akwai gidajen gandu da kakanni suka gina da tubali: zaure mai kaurin bango, soro mai zankwaye, rumbuna a tsakar gida, turken dabbobi a gefe. Kowace damina wasu suna zubewa, wasu kuma masu su ne suke rushe su da hannunsu su kafa bulo da kwano. Iyalan da suke son nasu ya tsaya sukan fara da tambayar yadda za a yi gwamnati ta san da shi. Tambayar tana kan hanya, amma ita ce ta uku a jere. Kafin ita akwai rubuta abin da gidan ya ƙunsa, sannan akwai kare shi daga ruwa da irin kayan da aka gina shi da su tun farko. Jami'in da zai zo dubawa ginin asali yake nema, kuma gidan da aka lulluɓe da siminti ya riga ya zubar da rabin hujjarsa.

A fara da awo da bakin dattawa

Ku samu tef ɗin awo, da takarda mai gida-gida irin ta lissafi, da waya mai ɗaukar hoto, da sanda mai tsawon mita 1 daidai. Ku zana taswirar gidan kamar ana kallonsa daga sama, santimita 1 a takarda a madadin mita 1 a ƙasa. Ku fara daga zaure, ku shiga ƙofar gida da shigifa, sannan cikin gida: turakar maigida, ɗakunan mata, madafa, rijiya, rumbuna, turke, makewayi. Kowane ɗaki a ba shi lamba, a rubuta tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa, da kaurin bango a gindi da kuma a sama, domin ginin tubali yana sirancewa ne yayin da yake hawa. A ɗauki hoton kowane bango ciki da waje, sandar nan tana jingine a jikinsa don mai kallo ya san girman abin da yake gani.

A rubuta sassan gini da sunayen da magina suke kiran su. Idan rufin ɗaki shimfiɗaɗɗe ne a kan azara, a faɗa. Idan akwai bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da yake ɗauke da rufi, a ƙirga su. Idan ɗaurin guga ne, wato bakuna da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya suka ɗauki tulluwa, to wannan ɗakin shi ne idon gidan, a ɗauke shi hoto ana kwance a ƙasa ana kallon sama. Haka al'amudi, da rawanin da ya kewaye rufi, da zankwaye, da indararo, da duk wani zane da ke bakin zaure, ko dagi ne ko wani. Ƙofar katako mai manyan ƙusoshin maƙera a ɗauke ta gaba da baya.

Shekarun gida kuwa ba a ƙiyasta su da ido. A zauna da tsofaffin gidan maza da mata, ɗaya bayan ɗaya ba a taro ba, a naɗi muryarsu. Tsofaffin mata sun fi kowa sanin ɗakin da aka kai kowace amarya da shekarar da aka ƙara shi. Kada a tambayi shekara kai tsaye. A tambaya: “Baba, lokacin da aka gina zauren nan wane ne Sarki?” Daga nan lissafi yake fitowa. Alu ya sauka daga gadon Kano a 1903 da zuwan Turawa, Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953. Yaƙin Haɗeja da Turawa a 1906 aka yi shi, titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, babbar yunwa ta auku a 1913 zuwa 1914. Idan dattijo ya ce kakansa ya gina soro kafin yunwar, wani dattijon da bai ji maganarsa ba ya faɗi haka, kun samu abin riƙewa. Inda suka saɓa, a rubuta maganganun biyu yadda suke. A nemi sunan maginin ma, domin a garuruwa da yawa zuriyar Sarkin Magina suna nan, kuma sun san gidajen da kakanninsu suka ɗora.

Ruwa ta sama, laima ta ƙasa

Duba gida iri biyu ne. Na farko a tsakiyar damina, cikin watan Agusta, ana tsaka da ruwa: mutum ya ɗauki lema ya zagaya ya ga inda ruwa yake kwanciya a rufi, da inda indararo yake zubarwa a jikin bango, da inda kwata take komowa gindin gini. A sa alama da gawayi. Na biyu da rani, lokacin gyara, daga bayan girbi zuwa watan Afrilu.

Indararo ƙaramin abu ne, amma shi yake kashe soraye da yawa. Idan ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ruwa ya taru a bayan rawani, ya jiƙa kan bango daidai inda bakin azara yake zaune. Idan ya yi gajarta, ruwan ya riƙa bin bango yana yanka masa kwari. A sa wanda zai fito aƙalla santimita 60 daga jikin bango, ya ɗan sunkuya, a like kewayen bakinsa da kyau, a ajiye faffaɗan dutse a inda ruwan yake sauka don kada ya fantsama ya ci gindi. A share shi kafin ruwan farko, a sake dubawa bayan kowace iska mai ƙarfi.

Kuskuren da ya fi yawa a rufi shi ne ƙarin ƙasa. Duk shekara idan ya yi yoyo sai a hau a ƙara yaɓe a kan tsohon, shekara ashirin ana haka. Ku yi lissafin: ɗaki mai mita 4 kowane gefe, idan aka ƙara masa ƙasa mai kaurin santimita 5 kacal, an ɗora masa nauyin da ya haura tan 1, kwatankwacin buhun hatsi 13 masu kilo 100, kafin ma ruwa ya jiƙa ta. Azara ba ta da wannan haƙurin. Shi ya sa rufi yake yin ciki a tsakiya, cikin ya tara ruwa, ruwan ya ƙara nauyi. Abin yi shi ne a kankare tsohon yaɓen da ya mutu kafin a sa sabo, a mayar da gangaren zuwa bakin indararo.

A gindin bango kuma abokin gaba shi ne laima da gishirin da take ɗaukowa daga ƙasa. Alamarsa fari-fari kamar kanwa a jikin bango daga ƙasa zuwa gwiwa, ƙasar tana marmashewa idan aka shafa. Fitsarin dabbobi yana ƙara shi sosai, kuma awaki suna lasar wurin su ƙara raraƙe shi. A ɗauke turke da juji da tarin taki daga jikin tsohon gini, aƙalla mita 2. A buɗe rariya. A cike ƙasar waje ta gangara daga bango zuwa fili.

Idan gindin ya riga ya zaizaye ya yi kogo, ba a gyara shi gaba ɗaya a rana ɗaya, don bangon zai zauna a kan iska. A raba shi gaɓa-gaɓa, kowace ba ta wuce santimita 60 ba. A gyara ta ɗaya da ta uku da ta biyar, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a tarar da mai ƙarfi, a yayyafa ruwa kaɗan, a cike da busasshen tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a danna sosai. Bayan mako guda ko fiye, idan sun bushe, a koma wa waɗanda aka tsallake. Daga ƙarshe a yi dakali a gindin, shi zai riƙa shan dukan ruwa a madadin bangon, kuma sabunta shi ba wuya.

Maganar siminti

Mun san dalilin da ya sa mutane suke shafa shi: gajiya da yaɓen shekara-shekara. Amma bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa yana kulle shi a ciki. Zafin rana da sanyin hunturu suna sa simintin ya tsattsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, ƙasar da ke baya ta zama kunu, gara ta samu inuwa da laima. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya rube. Ku ƙwanƙwasa da bayan wuƙa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, ya rabu da bangon. A cire shi da rani, kaɗan-kaɗan, daga sama zuwa ƙasa, a bar bangon ya sha iska makonni biyu zuwa uku kafin a yaɓe shi da ƙasa. In an tarar ɓarnar ta yi zurfi, a tokare rufin ɗakin da gwafa kafin a ci gaba.

Ƙasa, tubali, makuba, laso

Ƙasar gyara ta zama irin ta ginin. Mafi kyau ita ce ƙasar bangon da ya riga ya faɗi a gidan, in dai ba daga gindi mai gishiri aka kwaso ta ba, sai kuma birji daga kududdufin da aka ɗebi ta farko, wanda galibi yana nan kusa da gari. A jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, a rufe a bar ta ta kwana biyu ko uku, a sake jiƙawa a sake takawa. Gaggawa a nan ita take haifar da yaɓen da yake ɓamɓarewa a damina ta farko. A mulmula tubali da hannu daidai girman na tsohon ginin, a shanya shi kamar mako biyu. Gwajinsa mai sauƙi ne: a fasa ɗaya a ga ko cikinsa ya bushe, a saki wani daga tsayin ƙugu a kan ƙasa mai tauri. Idan ya rabu biyu ko ya ɗan ɓalle, ya yi. Idan ya watse ya zama gari, yashi ya yi yawa. Idan tun a shanya ya tsattsage, yumɓu ne ya yi yawa, a ƙara yashi da ciyawa. Ana jera shi tsinin yana sama, a cike tsakani da ƙasa, kuma ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska.

Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Ana jiƙa ɓawon ko a dafa shi har ruwan ya yi ja mai duhu, da wannan ruwan ake kwaɓa ƙasar yaɓen waje, shi yake sa ruwan sama ya zame maimakon ya shige. Laso ya fi ta ƙarfi, kuma shi ake sa wa rufi da rawani da zankwaye: katsi ne daga ramin marina, a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima daga majema da ruwan dafara mai yauƙi. Yau marina sun ragu, katsi ya yi wuyar samu, don haka a fara cigiyarsa tun da kaka. Yawan abin da ake zubawa ya danganta da ƙasar kowane gari, shi ya sa gwaji ya fi kowane ma'auni. A yi faci uku a bangon da ba ya fuskantar jama'a, kowane rabin mita, kowane da haɗinsa daban, a rubuta haɗin. Bayan mako guda a zuba wa kowane ruwa buta ɗaya daga sama. Wanda bai tsage ba, ruwan kuma ya sauko ba ja sosai ba, shi ne naku. A yi yaɓen sahu biyu marasa kauri, kowane kamar santimita 1 zuwa 2, da safe ko da yamma. Bangon gabas ya fi buƙatar kulawa, don daga nan hadari yake tasowa.

Zanen bakin zaure kada a yaɓe shi a shafe, kada kuma a ba yaro mai sabon hannu ya “gyara” shi. A ɗora takarda a kwafi siffarsa, a cike inda ya ɓalle kawai.

Azara da tsaga

Azara ta gari daga namijin giginya take, ɓangaren waje mai duhu da nauyi, wanda gara ba ta cika iya masa ba. Farar tsakiya mai laushi ita ake cusa wa wanda bai sani ba a kasuwa. Azara ba ta ƙetare fiye da kamar mita 1.8 ba tare da tallafi ba, shi ya sa magina suke fito da wasu daga bango hawa-hawa su rage tazarar, ko su ɗaura baka. A duba bakin kowace azara inda ta shiga bango, a soka mata tsinin wuƙa. Idan ya shige kamar cikin rogo, ta mutu. A tokare rufin da gwafa biyu, katako a ƙarƙashinsu da samansu, a rage ƙasar da ke kai, a sauya ɗaya bayan ɗaya. Baka da ɗaurin guga kuwa ba aikin kowa ba ne. Azarorin da ke cikinsu a ɗaure suke, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta, a nemo tsohon magini wanda ya taɓa ɗaurawa.

Tsaga kafin a cike ta sai an san ko tana tafiya. A kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane gefe, a auna tsakaninsu duk mako biyu, a rubuta, har a ƙetare damina ɗaya. Idan awon bai canza ba, a ɗinke ta: a yanka gurbi a gicciye duk rabin mita, a kwantar da guntun azara mai kamar mita 1, a cike da ƙasa. Idan tana ƙara buɗewa, ko an saki igiya mai dutse daga saman bango an ga ya karkata, to matsalar tana ƙasa ko a turin baka. A fitar da masu kwana a ɗakin, a tokare, a kira magini da injiniya tare.

Idan kuɗin gyaran rufi bai samu ba kafin damina, rumfar kwano a kan ginshiƙanta daban, sama da soron, ta fi barin sa a ruwa. Sharaɗin shi ne kada a sare zankwaye ko a fasa rawani don a kafa ta.

Neman shiga jerin kayan tarihi

Kafin a rubuta wa kowace hukuma, a gama da maganar gado. Gidan gandu yakan zama na magada da yawa, kuma mutum ɗaya da bai yarda ba ya isa ya tsayar da komai, ko ya rushe rabonsa. A zauna, mata da maza masu haƙƙi, a rubuta yarjejeniya a gaban dagaci da limami, a naɗa mutum ɗaya ko biyu masu magana da yawun iyali. Wasu iyalan sukan ware zaure da tsohon soro daga rabo su mayar da su waƙafi, wannan kuwa sai da shawarar malamai da alƙali. A nemi takardar mallakar fili ta gargajiya daga ƙaramar hukuma, wadda dokar filaye ta 1978 ta ba ikon bayarwa a karkara.

Hukumar da ke da alhakin wuraren tarihi na ƙasa ita ce Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, wadda doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa, hedikwatarta tana Abuja. A Kano ana samun ma'aikatanta a gidan tarihi na Gidan Makama. Jerin da aka daɗe ana amfani da shi wurare 65 ne kacal a duk Najeriya, don haka ƙofar ba mai faɗi ba ce. Amma ƙauye bai hana shiga ba: Gidan Madaki na Kafin Madaki a Bauchi, aikin shahararren magini Babban Gwani, yana ciki, haka tsohon masallacin Bebeji, da zanen duwatsun Birnin Kudu. Dokar ta sa shekarar 1918 a matsayin iyaka wajen bayanin tsofaffin ayyukan hannu na gida irin su ƙofofi da makamai da rubuce-rubucen hannu, shi ya sa lissafin sarakunan nan yake da amfani. Tsufa kaɗai ba ya wadatarwa. A nuna abin da gidan ya fi sauran da shi: ɗaurin guga da babu irinsa a gundumar, ko hannun sanannen magini, ko alaƙa da wani malami ko fatauci ko abin da ya faru a tarihin yankin, ko kuma cikar tsarinsa, daga zaure har rumbu ba a taɓa ba.

Fayil ɗin ya ƙunshi wasiƙa zuwa ga Babban Daraktan hukumar ta hannun shugaban gidan tarihi mafi kusa, da taswira, da hotuna masu lamba daidai da lambobin ɗakuna, da tarihin shafi biyu ko uku tare da sunayen waɗanda suka ba da shi da shekarunsu, da lambobin wurin da waya take nunawa a taswira, da yarjejeniyar magada, da takardar fili. A bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi a samo wasiƙar goyon bayan masarauta. A faɗi gaskiyar abin da aka sauya. In an sa wa ɗaki biyu kwano a shekarun baya, a rubuta. Ƙara wa gida shekaru ɗari don a burge jami'i yana rushe amincin sauran bayanan, domin masana suna gane zamanin gini daga hannunsa. A kai kwafi ga hukumar tarihi da al'adu ta jiha, wadda a Kano take Gidan Ɗan Hausa. Sau da yawa kulawar jiha ko ta masarauta ta fi saurin samuwa, kuma tana ƙarfafa neman na tarayya. Duk inda aka miƙa takarda, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata.

Akwai abin da ya wajaba iyali su sani tun kafin su sa hannu. Idan hukumar ta gamsu, tana buga sanarwa a Gazet ɗin gwamnati, ta aika wa mai gida kwafi, a ba da wa'adin ƙorafi, sannan Shugaban Ƙasa ne yake ayyanawa. Daga lokacin sanarwar ba a rushewa ko sauya fasali ko miƙa wa wani sai da izininta a rubuce. Dokar ta kuma yi maganar biyan mai abu diyya idan aka ayyana, haƙƙinsa na mallaka ya ƙare. Ga gidan da mutane suke kwana a ciki wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ba lauya dokar ya karanta wa magada, a tambayi hukumar a rubuce matsayin mazauna gidan da wanda zai ɗauki nauyin gyara. Iyali da yawa za su ga cewa abin da ya dace da su shi ne hukuma ta rubuta gidan a kundinta ta riƙa ba da shawarar masana, mallaka ta zauna a hannunsu.

Da zarar labari ya fita za a ga masu zuwa tayin tsohuwar ƙofa ko takobi ko littattafan kaka. Dokar nan ta hana cinikin irin waɗannan kaya sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba izini. A ƙirga su, a ɗauke su hoto, a sa jerin a fayil.

Amsa takan ɗauki lokaci mai tsawo, damina kuwa tana zuwa a kan lokacinta. A ci gaba da yaɓe da share indararo, a buɗe littafi guda na gyara: ranar aiki, bangon da aka taɓa, sunan magini, inda aka ɗebo ƙasa, haɗin da aka yi, da hoto kafin aiki da bayansa. Kwafi ɗaya na littafin da fayil ɗin ya zauna a wani gida daban, a cikin akwatin ƙarfe, sama da ƙasa inda gara da ambaliya ba za su kai ba.